Yadda Ake Haɗa Kayan Sauraron Faifan Garmaho a Gida da Ɗan Abin da Ke Hannu

Na haɗa kayan faifai sau da yawa, nawa da na abokai, kuma abin da na lura shi ne ba ƙarancin kuɗi ke kayar da mai farawa ba, zuba shi a inda bai dace ba ne. Mutum zai juye duk abin da ya tara a kan garmaho mai sheƙi, ya iso gida ya tarar ba abin da zai jona shi a ciki. Wani kuma ya haɗa komai tsaf, amma bai daidaita allura ba, sai ta riƙa cin faifansa a hankali bai sani ba. Garmaho na hannu da aka zauna aka daidaita shi ya fi sabo dal mai tsada da aka ɗora a karkace.

Abin da ya kamata ka riƙe a ka ɗan kaɗan ne. Allura tana bin tsagar faifai tana karkarwa. Katirij, wato ɗan akwatin da allurar ke maƙale a jikinsa, yana mayar da karkarwar ta zama 'yar wutar lantarki. Wani sashe da ake kira fono ya ɗaga wannan wutar ya gyara ta, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar da ita a matsayin sauti. In ɗaya daga cikinsu ya ɓace, hanya ta yanke.

Kayan da za ka tanada

Manyan kaya su ne garmaho mai katirij da allura, amfilifaya mai ramin da aka rubuta PHONO ko kuma akwatin fono na daban, lasifika biyu, wayar sauti mai kai ja da fari, siririyar wayar ƙasa, da wayar lasifika ta jan ƙarfe.

Ƙananan kayan aiki kuwa, su ne mutane ke mantawa: ƙaramin sikelin auna nauyin allura, ma'aunin daidaito irin na magina mai ɗigon ruwa a tsakiya, ƙaramar sukundireba, hantsaki, takardar daidaita katirij da ake bugawa a firinta, buroshin share faifai, da ɗan buroshin allura. In akwai mitar gwada wuta da batir mai bolt 1.5, ka ajiye su kusa. Ka nemi kuma faifai ɗaya wanda ba ka jin ciwon rasa shi, domin shi zai sha wahalar gwaji.

1. Ka raba kuɗin kafin ka fita

Ni in na kasa kuɗin kashi 10, lasifika ke ɗaukar 4, garmaho 3, amfilifaya 2, ɗayan da ya rage na sabuwar allura ne da ƙananan kayan aiki. Wasu za su ce garmaho ya kamata ya ci kaso mafi tsoka, tunda daga can sauti ke tasowa. Suna da hujja, amma a ƙaramin kasafi kunne ya fi saurin gane bambancin lasifika da lasifika. Komai kana iya sayensa na hannu, ban da allura.

2. Zaɓen garmaho

Fara da abin da za ka guje wa. Akwai 'yan garmaho masu siffar jakar tafiya, da lasifika a cikinsu, masu kyan ɗan maciji. Yawancinsu katirij ɗinsu na seramik ne, allurar tana danne faifai da nauyin giram 5 ko fiye, ba kuma yadda za ka rage. Lasifikar da ke jikin akwatin tana girgiza allurar da ke karanta faifan. Araha ba ta ado.

Abin da kake nema shi ne garmaho mai dunƙulen ƙarfe da ake murzawa a bayan hannunsa, wato dogon ƙarfen da ke ɗauke da katirij, da maɓallin hana zamewa, da katirij da ake iya kwancewa a sauya. In ya cika waɗannan ukun, za ka daɗe kana inganta shi ba tare da ka sake sayen wani ba.

Iri biyu za ka fi haɗuwa da su. Akwai mai bel, wanda mota, wato ɗan injin da ke cikinsa, ke juya farantin da faifai ke zama a kai ta hanyar zoben roba. Akwai wanda motar ke ƙarƙashin farantin kai tsaye, irin Technics SL-1200 da ya fito a 1972 ya zama abin hannun masu kiɗan taro. Masu son gardama sun daɗe suna kai ruwa rana a kan wanne ya fi. A ɗakin gida ni ban ga abin faɗa ba. Mai bel ya fi sauƙin gyara, sabon bel kawai yake so bayan 'yan shekaru. Ɗayan kuma ba ya son komai, amma ran da lantarkinsa ya lalace sai mai gyara.

Cikin sababbi masu sauƙin kuɗi, Audio-Technica AT-LP60X yana yin komai da kansa kuma da fono a cikinsa, sai dai ba a daidaita nauyin allurarsa kuma ba a sauya katirij ɗin, allurar kawai ake canzawa. Ba ya ɓata faifai, amma inda ka same shi nan zai tsaya. AT-LP120X, da Rega Planar 1, da Pro-Ject Debut suna gaba da shi. A na hannu kuwa, tsofaffin Technics da Pioneer da Dual da Thorens na shekarun 1970 da 1980 suna nan birjik, kuma an ƙera su ne lokacin da faifai ke kan ganiyarsa.

In na hannu za ka saya, kada ka biya sai ka yi waɗannan gwaje-gwajen. Cire bel in akwai, ka juya farantin da yatsa ka saki: ya kamata ya daɗe yana juyawa shiru, ba gogayya, ba tangaɗi. Durƙusa ka daidaita idonka da gefen farantin ka ga ko yana hawa da sauka. Kama hannun a hankali kusa da gindinsa ka ɗan motsa shi gaba da baya. In ka ji yana ƙwas-ƙwas, mazauninsa ya saki, kuma wannan gyara ne mai cin kuɗi, ka haƙura da shi. Sai ka auna gudu. Manna 'yar takarda a gefen faranti ka ƙirga: a gudun 33⅓, zagaye 100 daidai yake yi cikin minti 3.

Wannan ƙirgen ba wasa ba ne. Na taɓa sayen garmaho da aka ƙera don kasuwar Amurka, inda wuta take bolt 120 da haz 60, wato bugu 60 a daƙiƙa. Na sa masa tiransifoma, fitila ta kama, faranti ya juya, na ce shi ke nan. Da na ɗora faifai sai mawaƙiyar da na san muryarta sarai ta fito da murya irin ta ƙaton da aka tasa daga barci. Motar irin wadda ke bin bugun wutar gida ce, a wuta mai haz 50 kuma sai ta koma zagaye kusan 28 a minti maimakon 33⅓. Tiransifoma bolt yake canzawa, ba ya taɓa haz. Sai da na yi watanni kafin in samo ɗan ƙarfen kan mota da ya dace. Karanta rubutun da ke bayan na'ura ko ƙarƙashinta ka gwada da wutar inda kake. Kayan da aka yi don cikin Japan ma bolt 100 ne.

In za ka ɗauko shi, cire faranti da dunƙulen baya ka naɗe su daban, ka ɗaure hannun a mazauninsa.

3. Amfilifaya da maganar fono

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wutar da katirij na yau da kullum, wanda ake kira MM, ke fitarwa ba ta wuce milibolt 3 zuwa 5 ba, alhali na'urar CD tana iya kai bolt 2. Bayan haka, lokacin yanka faifai da gangan ake rage sauti mai kauri a ƙara siriri, don tsagar ta yi ƙanƙanta waƙa ta samu wuri. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ita ta tsayar da wannan ƙa'idar a 1954. Aikin fono shi ne ya ninka wutar kusan sau 100, ya kuma juya wancan ragi da ƙari ya koma yadda yake.

Fono ɗaya kake buƙata, ba sifili ba, ba biyu ba. Yana iya kasancewa a cikin garmaho, ko a cikin amfilifaya, ko a ɗan akwati na daban a tsakaninsu. In babu shi, za ka murɗa murya har ƙarshe ka ji sauti can ƙasa-ƙasa, siriri kamar kukan sauro. In kuwa ka bi ta biyu, wato garmaho mai fono a kunne ka kuma cusa shi a ramin PHONO, sauti zai fito da ƙarfi a dagule, yana yagewa. Garmaho mai fono a ciki yawanci yana da ɗan maɓalli a baya. Ka sa shi a LINE in za ka shiga ramin AUX ko CD, ka sa shi a PHONO in za ka shiga ramin PHONO.

Hanya mafi araha ita ce tsohuwar amfilifaya ta sitiriyo daga zamanin faifai, domin kusan dukansu da fono suke zuwa. Wat 20 zuwa 50 a kowane ɓangare ya ishi ɗaki. Kada manyan lambobin da ake mannawa a gaban wasu na'urori su ruɗe ka. Wajen gwaji, murza kowane maɓalli ka saurara. Ƙarar ƙaraf-ƙaraf yawanci datti ne, feshin wanke maɓalli yana maganinsa. Amma in ɓangare ɗaya ya mutu, ko kana jin ƙaurin ƙuna, ka bar ta. In kana da mita, kunna amfilifayar ba lasifika, murya a ƙasa, ka auna bolt na DC a bakin inda wayar lasifika ke shiga. Ƙasa da milibolt 50 lafiya ne, in ya kai ɗaruruwa kada ka jona lasifikarka. Kada kuma ka buɗe cikinta in ba sana'arka ba ce, akwai sassan da ke riƙe wuta ko bayan an zare soket.

Katirij ɗin MC, wanda wutarsa ta fi ta MM ƙanƙanta sosai, ka bar shi tukuna. Yana son fono na musamman, kuma in allurarsa ta ƙare ba a zare ta a gida.

In amfilifaya ta gagara, akwai gajeriyar hanya: garmaho mai fono a ciki da lasifika masu amfilifaya a jikinsu. Kaya biyu ke nan, waya ɗaya. In ma lasifikar ce babu, amfilifaya da abin sauraro na kunne sun isa ka fara.

4. Lasifika

Ƙanana masu zama a kan kanta sun fi dacewa da matsakaicin ɗaki, kuma a kuɗi ɗaya ƙaramar lasifika mai kyau ta fi doguwar da aka cika da iska. Duba bayanta ka ga om nawa ce, wato ma'aunin turjiyarta ga wuta, 4 ko 6 ko 8, ka duba bayan amfilifaya ka ga mafi ƙarancin da take ɗauka. Tsofaffin amfilifaya da yawa ba sa son om 4, zafi suke yi. Akwai kuma lambar desibel, mai nuna ƙarfin ƙarar lasifika: lasifika mai 90 tana ba da ƙarar da mai 87 za ta bayar da rabin wutar, saboda haka in amfilifayarka ƙarama ce ka nemi mai babbar lamba.

Ga na hannu, cire rigar gaban ka duba zoben da ke kewaye da babban kwanon. In na soso ne, shekaru suna cinye shi, ka taɓa ya marmashe. Ana sayar da sabon zobe a manna, kuma irin wannan aibin dalili ne na neman ragi mai kyau. Buɗe yatsunka ka danna kwanon a hankali, ko'ina daidai. In ka ji yana karce wani abu a ciki, ka wuce. Kara kunnenka a ƙaramar lasifikar da ke saman kwanon ka tabbata tana magana, don sau da yawa ita ce ke mutuwa shiru.

Wayar lasifika ba ta buƙatar tsada. Jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 ya wadatar a tsawon 'yan mitoci.

5. Inda kowa zai zauna

Garmaho yana son wuri mai nauyi da ba ya motsi. Kada ka ɗora shi a kan katako ɗaya da lasifika, kada kuma ka ɗora shi a kan amfilifaya: zafi na tashi daga cikinta, tiransifomarta kuma tana sa katirij gurnani. In daɓen ɗakin na katako ne mai lilo, har allura na tsalle in an taka, kafa kanta a jikin bango ka huta.

Ɗora ma'aunin daidaito a kan farantin kansa, ba a kan murfi ba, ka duba hagu da dama, gaba da baya. In ƙafafun ba sa murzuwa, cusa kwali a ƙarƙashi. In babu ma'auni, wayar hannu tana da manhajar da ke yin aikin, ko ka ajiye ɗan ƙwallon gilashi a faranti ka ga inda zai gangara.

Lasifika biyun da kujerarka su zama kamar duwatsun murhu, tazarar kowane da kowane ɗaya. Ƙaramar ta sama ta yi daidai da kunnenka in kana zaune. Janye su daga bango kamar kamu ɗaya ko biyu, ka nisanta su da kusurwa, don kusurwa tana kumbura bes, wato sauti mai kauri, har ya rufe murya.

6. Daidaita hannu da allura

Ka yi wannan da rana, a zaune, ba kana sauri ba. Ka naɗe hannun rigarka. Ni hannun riga ne ya taɓa cin mini allura sabuwa fil, ko faifai ɗaya ba ta gama ba: na miƙa hannu zan ɗauki buroshi, zare ɗaya ya kama ta, ban ko ji ba. Da na duba sai ga ɗan siririn ƙarfen da ke riƙe da ita ya lanƙwashe gefe kamar ƙafar fara. Ba ya miƙuwa, sai sabo.

In garmahon na hannu ne, sauya allurar ko mai sayarwa ya rantse sabuwa ce. Ido ba ya ganin cinyewarta, faifai ne ke ji. A katirij ɗin MM zare ta ake yi a tura wata. Lambar katirij ɗin tana jikinsa, da ita za ka nemi wadda ta dace.

In sabon katirij za ka ɗaura, wayoyi huɗu ne sirara: fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama, kuma ƙusoshin bayan katirij ɗin suna da launi ko harafi. Da hantsaki za ka kama bakin ƙarfen, kada ka ja wayar kanta, tsinkewa take yi. Ɗaura notin biyu amma kada ka ƙulle su, ka bar katirij ɗin yana iya matsawa. Wasu tsofaffin garmaho suna da nau'in da ake kira T4P, wanda turawa kawai ake yi a ɗaure noti ɗaya. In irinsa ka samu, an hutar da kai daga yawancin abin da ke tafe.

Yanzu nauyi. Zare wuta. Mayar da maɓallin hana zamewa sifili, cire murfin allura, saukar da sandar ɗaga hannu, ka riƙe hannun a sarari tsakanin mazauninsa da faranti. Murza dunƙulen baya kaɗan-kaɗan kana ɗan sakin hannun. In kan hannun ya yi ƙasa, ja dunƙulen baya. In ya ɗaga sama, matso da shi gaba. Za ka kai inda hannun zai tsaya a iska shi kaɗai, a miƙe, yana ɗan lilo in ka yi numfashi kusa da shi. Nan ne sifili. Mayar da shi mazauni ka ɗaure. Riƙe dunƙulen kada ya motsa, ka juya zoben lambobin da ke gabansa shi kaɗai har 0 ya zo kan layi. Sannan ka murza dunƙulen gaba ɗaya, da zoben, zuwa nauyin da kamfanin katirij ya faɗa. AT-VM95E giram 2 yake so, Ortofon 2M Red giram 1.8. Tabbatar da sikeli, don zoben tsohon garmaho yakan yi ƙarya. In babu sikeli, ka maimaita neman sifilin sau biyu ka yarda da zoben.

Masu farawa sukan rage nauyi don tausayin faifai. Kuskure ne. Allurar da ba ta zauna ba tana tsalle-tsalle a cikin tsaga tana bugun bangonta, kuma wannan ya fi ɗan ƙarin nauyi ɓarna. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Haka kuma masu manna sulalla a kan hannu don faifai ya daina tsalle, su ma kashe faifan suke yi.

Sai daidaita fuskar katirij. Buga takardar a girmanta na asali, kashi 100, ka auna layin gwajin da ke jikinta da rula, don firinta takan rage girma ba ta faɗa ba. Huda ramin tsakiya ka zura a ƙusar faranti. Takardar tana da ɗigo biyu, a tsarin da aka fi amfani da shi ɗaya yana milimita 66 daga tsakiya, ɗayan kusan 121. Saukar da allura a ɗigon waje, ka leƙo ta sama da ta gaba: gefen katirij ya bi layukan takardar daidai. Juya faranti da hannu ka kai ɗigon ciki ka sake dubawa. In ya yi daidai a ɗaya ya karkace a ɗayan, matsar da katirij ɗin gaba ko baya kaɗan ka sake. Kullum ka ɗaga hannu kafin ka taɓa komai. Karon farko yana iya cin rabin awa, kuma za ka yi tsaki. In duka biyun sun zauna, ƙulle notin bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don kada ya juya, sannan ka sake auna nauyi tunda matsawar ta canza shi.

Maɓallin hana zamewa ka sa shi a lamba ɗaya da nauyin allura. Juyawar faifai tana jan hannu zuwa tsakiya, shi kuma yana ɗan ja da baya.

7. Jona wayoyi

Komai a kashe. Ja a ramin ja, fari a ramin fari. Wayar ƙasa daga garmaho ta tafi ɗan notin da aka rubuta GND a bayan amfilifaya ko akwatin fono. Wasu garmaho, kamar na Rega, ba su da ita don an bi da ita ta cikin wayar sauti, kada ka wahalar da kanka nema. Wayar da ke tsakanin garmaho da fono ta zama gajeriya, mita ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma kada ta kwanta a jikin wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna.

Fere bakin wayar lasifika kamar santimita 1, ka murɗe zaren sosai. Zare ɗaya da ya ɓalle ya taɓa maƙwabcinsa ya isa ya ƙona amfilifaya. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a duka ɓangarorin. In ka juya ɗaya ba abin da zai ƙone, amma bes zai gudu, murya ta rasa tsakiya. In alamar ta goge, taɓa batir mai bolt 1.5 a wayoyin lasifikar na ɗan ƙiftawa, bayan ka cire su daga amfilifaya: in kwanon ya turo waje, wayar da ke ɓangaren + na batir ɗin ita ce ja.

8. Gwajin farko

Murya a ƙasa, kunna garmaho da fono, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa ita ce farko. Ɗora faifan gwaji, ka saukar da allura da sandar ɗaga hannu, ba da yatsa ba.

In ka ji gurnani mai kauri da ba ya tsayawa, wayar ƙasa ce kusan kullum. In tana ɗaure, nisanta garmaho da amfilifaya. In ɓangare ɗaya ya yi shiru, sauya ja da fari a bayan amfilifaya: in shirun ya koma ɗaya ɓangaren, laifin garmaho ne, ka duba wayoyi huɗun nan. In murya tana hawa da sauka kamar mai maye, bel ya saki ko akwai maiƙo a kansa. In harafin "s" yana tsartuwa, musamman a waƙar ƙarshe kusa da tsakiyar faifai, koma kan takardar daidaitawa, ka kuma duba ko ƙura ta taru a bakin allura.

Akwai gwaji ɗaya da nake so. Kashe motar, ka ajiye allura a kan faifai yana tsaye, ka ɗaga murya sannu a hankali zuwa inda ka saba ji, ka ƙwanƙwasa teburin da yatsa. In ka ji ɗan "dum" ya mutu nan take, wurin ya yi. In ya ja ya fara kuka yana ƙaruwa, rage murya da sauri: lasifika na girgiza garmaho, sai ka raba su.

9. Faifan kansa

Babban faifai mai gudun 33⅓, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, da ƙarami mai gudun 45 na RCA Victor da ya biyo baya a 1949, allura ɗaya suke ci. Mai babban rami a tsakiya yana son ɗan zoben cikewa. Tsohon faifai mai gudun 78 kuwa dabam ne: tsagarsa ta fi faɗi, allurarsa dabam, kuma da wani irin ƙaro aka yi shi wanda sinadarin alkohol ke narkarwa.

Wajen sayen na hannu, karkata shi a ƙarƙashin fitila. Karcen da ido ke gani amma farce ba ya ji, yawanci kunne ma ba zai ji ba. Wanda farce ya tsaya a kansa zai yi "tas" a kowane zagaye. In tsagar ta yi furfura-furfura, tsohuwar allura ta riga ta cinye ta, wanki ba zai dawo da ita ba.

Wanki da tataccen ruwa ake yi, irin wanda ake zuba wa batirin mota, da ɗigo ɗaya na sabulun ruwa, a goga da tattausan ƙyalle ana bin zagayen tsaga, a kiyaye takardar tsakiya, a ɗauraye, a jingine ya bushe sarai. Ruwan famfo yana barin gishirinsa a ciki. Ka riƙe faifai ta gefe da tsakiya, ka share shi da buroshi kafin kowane ji, ka ajiye shi a tsaye cikin rigarsa, nesa da rana da duk abin da ke zafi. In ka jibga su a kwance, na ƙasa zai lanƙwashe.

Allura kuma daga baya zuwa gaba ake share ta, yadda faifai ke wucewa ƙarƙashinta, ba gefe da gefe ba. Tana yin awa 300 zuwa 1000 gwargwadon yankan bakinta da tsabtar faifanka. Babban faifai gaba da baya kusan minti 40 ne, saboda haka mai jin ɗaya kullum zai yi sama da shekara kafin ya kai awa 300. Ni takarda nake mannawa a cikin murfin garmaho, in rubuta ranar da na sa sabuwa.